Kogin Isa: Matsalar ɗaga injin kwale-kwale da yadda ake gano ta

Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a ƙarshen watan Yulin 2023, zirga-zirga ta tsaya a kan gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kuma kwale-kwale masu inji suka koma ɗaukar fasinjoji da buhunan kaya da babura zuwa ɗaya gaɓar. Dama can, daga Ayoru zuwa Tillaberi da Yamai har Gaya, tsawon kusan kilomita 550 da kogin Isa ke ratsawa a ƙasar nan, waɗannan jirage ne motocin ranar kasuwa.

In ana maganar haɗarin jirgin ruwa, an fi ambaton lodi fiye da kima da iska da tafiyar dare. Amma akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba: yadda injin ke zaune a gindin jirgi, da kuma ko matuƙi zai iya ɗaga shi a lokacin da ya kamata.

Karkatawa daban, ɗagawa daban

Injin da ake rataya wa jirgi yana da motsi iri biyu ban da juyawa dama da hagu. Na farko shi ne 'yar karkatawa gaba ko baya don daidaita tafiya. Na biyu shi ne ɗaga ƙafar injin gaba ɗaya daga ruwa, in an zo gaɓa ko wuri marar zurfi.

Idan ƙafar injin ta matso jikin jirgi da yawa, goshin jirgi yakan nutsa, ya riƙa kwasar ruwa, abin da ke da haɗari in an yi lodi a gaba. Idan kuma ta yi nisa da shi, goshin ya ɗaga sama, jirgi ya riƙa tsalle, farfela ta shaƙi iska, mai ya ƙone a banza. Mafi muni, ramukan da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa suna iya fitowa waje, kuma robar famfon ruwan ba ta jure juyawa a bushe ko na ɗan lokaci. Ma'aunin mai sauƙi ne: faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya yi daidai da fuskar ruwa yayin tafiya, siririn ruwan da inji ke fitsarwa ta baya kuma kada ya yanke.

A kogin Isa batun ya fi tsanani a watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwa ke ja baya, tudun yashi su fito. Injin da ya ƙi ɗagawa zai kafe a yashi, farfela ta lanƙwashe. Wanda ya ƙi sauka kuwa zai bar jirgi cike da mutane a hannun igiyar ruwa, musamman a ambaliyar Agusta da Satumba.

Ƙananan injuna: sandar ƙarfe ce komai

Akasarin injunan da masu fito ke aiki da su, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, da hannu ake ɗaga su. Wata sandar ƙarfe ce ke ratsa ɗaya daga cikin ramuka huɗu ko biyar na mariƙin injin, ita ke tsai da karkatarsa. Sauya rami ɗaya kawai yana canza tafiyar jirgi, don haka ramin da ya dace da jirgi wayam ba lalle ya dace da mai ɗauke da buhunan shinkafa ba.

Matsalolinsu uku ne. Sandar takan lanƙwashe ko ta ɓace, a maye gurbinta da guntun rodi da ba shi da makari, ya zame ana cikin tafiya. Bututun da injin ke lilo a kansa yakan cije saboda tsatsa da yashi in ba a sa masa giris. Sai ƙugiyar da ke riƙe injin in an sa giyar baya: idan ta lalace, injin zai yi tsalle sama a daidai lokacin da matuƙi ke son tsai da jirgi a gaɓa. Mai ƙarfin doki 40 ya haura kilo 70, ba abin da za a tare da hannu ɗaya ba ne.

Manyan injuna: a fara da wuta

Manyan injuna, irin na jiragen 'yan kwana-kwana da jandarmomi, maɓalli ake dannawa. Ƙaramin injin lantarki ne ke juya famfo, famfo ya tura mai cikin bututu, mai ya tura sandunan da ke ɗaga injin. Ƙwararrun makanikai ba sa fara kwance famfo, kunne suke fara sawa.

Idan an danna ba a ji komai ba, a duba batir da fiyus da maɓallin. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ya sauko 12.2 ya kai rabi. Idan an ji ƙas-ƙas amma babu motsi, galibi bakin batir ne ya yi tsatsa, ko wayar ƙasa ta saki, ko kuma gawayin da ke cikin injin lantarkin ya cinye.

Idan yana hawa ba ya sauka, ko akasin haka, zargi na kan ɗaya daga cikin 'yan akwatunan haɗa wuta guda biyu da ake kira rele. Inda suke iri ɗaya, sai a musanya su: in matsalar ta koma ɗaya ɓangaren, an kama ɓarawo. A yawancin injuna shuɗiyar waya ta hawa ce, koriya ta sauka.

Idan kuwa famfo na kuka amma injin bai motsa ba, ko yana hawa da ƙyar yana karkarwa, magana ta koma kan mai. A ɗaga injin har ƙarshe, a sa matokarinsa, sannan a buɗe murfin a hankali, domin akwai matsi a ciki. Man ya kamata ya zo daidai bakin ramin. Ana zuba wanda kamfanin ya tanada, ko jan man giya na motoci masu sauya giya da kansu in littafin injin ya amince. Man birki kuwa yana lalata zobban roba. Bayan an cika, a hau a sauka sau da yawa don iska ta fita.

Man da ya koma fari kamar madara alama ce ruwa ya shiga ta zoben robar bakin sanda. Injin da aka bari a sama aka wayi gari ya sauko da kansa, ba tare da ɗigon mai a waje ba, yoyon na ciki ne. Waɗannan biyun aikin makanike ne, ƙara mai ba ya maganinsu.

In abin ya faru a tsakiyar ruwa

A gefen mariƙin irin waɗannan injuna akwai wani noti da ake sassautawa da sukundireba. In aka juya shi hagu kaɗan, mai zai samu hanya, a ɗaga ko a sauke injin da hannu, sannan a mayar a ɗaure. Wajibi ne wani ya riƙe injin kafin a taɓa shi, kuma kada kowa ya sa hannu tsakanin inji da jirgi, ko ya shiga ƙarƙashinsa ba matokari. Wannan notin ne kuma ya kamata a fara dubawa in famfo na juyawa a banza, don sau da yawa wani ne ya sassauta ya manta.

Rigakafin bai kai kuɗin farfela ɗaya ba: giris a gaɓoɓi, goge bakin batir, wanke yashi daga sanduna, da ajiye injin a sauke in jirgi zai daɗe a tsaye, don kada sandunan su yi tsatsa su yaga roba. Ga shugabannin tashoshin ruwa kuwa, gwada hawa da saukar inji kafin a fara lodi bai wuce minti ɗaya ba, kuma ya cancanci shiga jerin abubuwan da ake dubawa tare da yawan fasinjoji da rigunan ceto.