Fitilar taya: ko kuɗin gyaran na'urar iska asara ne?

Duk wanda ya sayi mota hannu na biyu daga Amurka ko Turai ya san wata 'yar fitila ruwan ƙwai da ke kunnuwa a gaban direba. Masu motoci da dama a Yamai da Maraɗi sun saba da ita har sun daina ganinta, wasu ma sukan liƙe ta da takarda.

Alhali kuwa ba ado ba ce. A shekarar 2000, bayan haɗurran da tayoyin Firestone suka haddasa a motocin Ford Explorer, majalisar Amurka ta kafa doka, kuma tun Satumba 2007 kowace ƙaramar mota sabuwa a can tana da na'urar auna iskar taya. Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamba 2014. A ƙa'idar Amurka, fitilar na kunnuwa ne in iska ta ragu da kashi 25 cikin 100.

A yawancin motocin, na'urar tana cikin taya, manne da bakin da ake hura iska. Batirinta a rufe yake, ba a sauya shi. Yakan kai shekara 5 zuwa 10, sa'an nan a sayi wata na'urar. To, motar da ta iso mana ta riga ta tsufa, ka ga batirin yana bakin gargara.

Me ya cancanci kuɗin mai mota? A ganinmu, 'yar robar da ke toshe bakin da 'yar allurar cikinsa: duk lokacin da aka sauya taya a sauya su, domin zafi yana busar da roba, iska ta riƙa zurarewa. Kuɗinsu kaɗan ne. A kuma gaya wa mai faci akwai na'ura tun kafin ya sa ƙarfe, don sau da yawa nan take karyewa.

Sayen sababbin na'urori huɗu kuwa wata magana ce. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce gida da ofis ba, ma'aunin hannu ya ishe shi, muddin zai duba da safe, taya na sanyi, ko sau ɗaya a wata. Amma ɗan kasuwa mai bin kwalta daga Yamai zuwa Damagaram, kilomita kusan 900, da kaya, cikin zafin Afrilu, shi kam ya biya. Taya mai ƙarancin iska ɗaukar zafi yake yi har ya fashe, ba tare da direba ya ji komai ba.