Tabarmar fam goma da ta gyara min baya

Ranar da bayana ya riƙe, ina tsakiyar dutin dare ne a wani asibiti a Manchester. Ni da abokiyar aikina muna juya wani dattijo a gado, na sunkuya in ja zanin da ke ƙarƙashinsa, sai na ji wani abu ya soke ni a ƙugu kamar tsinke. Na lallaɓa na ƙarasa aikin, amma da gari ya waye ko igiyar takalmi ban iya ɗaurewa ba. Lokacin wata takwas ke nan da haihuwar ɗana na biyu.

Ciwon baya ba baƙo ba ne a wajen ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, kuma da yawa daga cikinmu a nan aikin da muke yi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya. Amma ni abin da ya tayar min da hankali shi ne lissafi: idan bayan nan ya ƙi, kuɗin haya da abin da nake tura wa Umma a Katsina duk wata, ina za su fito?

Ƙwararriyar gashin ƙashi da ta duba ni ta ce ƙashina lafiya lau, tsokar tsakiyar jikina ce ta yi sanyi. Na karanta su a jami'a, amma sai ranar na gane amfaninsu a jikina. Akwai wadda ta zagaye ciki daga can ciki kamar ɗamara, akwai ƙanana masu riƙe gaɓoɓin ƙashin baya, akwai ta ƙasan mara, sai tantanin numfashi a sama. Goyon ciki yana miƙar da su, in ba su dawo da ƙarfinsu ba sai baya ya ɗauki nauyin da ba nasa ba.

Wata ƙawata ce ta ja ni ajin Pilates irin na na'ura, wadda ake kira Reformer. Kamar siririn gado take, da katako mai zamewa gaba da baya, da sifirin da igiyoyi da ake ja da hannu ko ƙafa. Gaskiya na ji daɗinsa. Malamar tana tsaye a kanki, da kin karkace za ta gyara miki. Sai dai fam 25 nake biya a zama ɗaya, kuma sai an kama gurbi tun da wuri. Jadawalin dutina kuwa ba ya tsayawa wuri guda. Sau biyu aka canja min duti, kuɗin ya bi ruwa. Ga neman mai riƙe yara, ga bas biyu kafin in isa. Cikin wata biyu sau biyar kacal na je. Tsoka kuwa ba ta ƙarfi da ziyara jefi-jefi.

Da na koma wajen ƙwararriyar nan da ƙorafi, sai ta shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa ta ce in kwanta. Daga baya ne na karanta cewa shi kansa Joseph Pilates, Bajamushen da aka haifa a 1883, ya koyar da atisayensa a ƙasa lokacin da Birtaniya ta tsare shi a tsibirin Man a Yaƙin Duniya na Farko. Littafinsa na 1945 atisaye 34 ne a ciki, dukkansu na tabarma.

A tabarma babu sifirin da zai tallafe ki. Nauyin jikinki ne abin ɗagawa, tsokar cikinki ce za ta riƙe ki, kamar dai yadda take a bakin gadon mara lafiya ko in kin sunkuya ɗaukar yaro. Minti goma sha biyar nake yi, sau huɗu ko biyar a mako. Nakan kwanta rigingine in tanƙwashe gwiwa, in fitar da numfashi a hankali ina jan mara ciki. Sai in ɗaga ƙugu sama in sauke. Sai in yi rarrafe, in miƙa hannun dama da ƙafar hagu ba tare da baya ya lanƙwashe ba, in canja. A falona nake yi, da kayan da na ga dama, babu idon kowa. Bayan kamar wata uku na lura ina gama dutin awa goma sha biyu ban dafe ƙugu ba.

Ba kushe na'ura nake ba. Wanda sauka ƙasa da tashi ke yi masa wuya, ko mai farfaɗowa daga rauni, na'ura tana rage masa nauyi daidai ƙarfinsa. Ita ma tabarma tana da tarkonta: mai kwaikwayon bidiyon YouTube ba ta da mai gyara mata. Shi ya sa nake cewa a fara koya a gaban ƙwararre ko da sau ɗaya ko biyu ne. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2016 kan ciwon baya ta ba da shawarar motsa jiki, ba ta ce sai da wata na'ura ba. Kuma tabarma ba ta maye gurbin minti 150 na motsa jiki irin tafiya da sauri da ake so babba ya yi a mako.

Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ko mai juna biyu ta tambayi likita ko ungozoma tukuna. In kuwa ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin ji tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari, a bar batun tabarma, a tafi asibiti nan take.

Kwanaki Umma ta kira ni ta bidiyo ta tarar da ni kwance ina ɗaga ƙugu. Ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Oh ni! 'Yar nan, kin tafi Ingila kin koma tabarma?" Na ce, "Umma, ke ma ai kullum kina kukan ƙugu. Ɗauko taki." Ta ce ita ta tsufa da wannan wasan yara. Jiya ƙanwata ta turo min saƙo tana tambaya, wai Umma ta ce sau nawa ake ɗaga ƙugun.