TARAYYA A KAN MANYAN KWAMFUTOCI: BAYANI GAME DA TSARIN GIRID DA MANHAJAR TSAKANI

Jama'a da yawa sun san kwamfuta ta ofis da ta hannu. Amma akwai wani jinsi nata wanda ba safai ake ganinsa ba, watau gagarumar kwamfuta, wadda takan cika zaure guda, ta sha wutar da za ta ishi ƙaramin gari. Da irinta ake hasashen damina, da binciken magunguna, da auna ƙarfin gada ko jirgin sama tun ba a ƙera su ba. Wadda aka ƙaddamar a cibiyar bincike ta Jülich a ƙasar Jamus cikin 2025, mai suna JUPITER, tana iya yin lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Tsadar irin waɗannan injuna ta sa ba kowace jami'a ke iya mallakarsu ba, har a ƙasashe masu arziki. Saboda haka tilas a yi tarayya a kansu. An shirya wannan takarda domin a bayyana wa mai karatu yadda ake yin wannan tarayya ba tare da an bar ƙofa a buɗe ga ɓarayi ba.

Daga ina sunan ya fito?

Mutumin da ya kunna fitila a gidansa ba ya tambayar ko wutar daga Kainji ta taso, ko daga Shiroro, ko Egbin. Dukan tashoshin suna zuba wutarsu ne cikin layi guda, shi kuwa nasa kawai ya danna makunni. Wannan haɗaɗɗen layi shi Turawa ke kira girid, kuma daga gare shi masana suka aro sunan. Ian Foster da Carl Kesselman na Amurka su ne suka yayata wannan ra'ayi wajen ƙarshen shekarun 1990, cewa ya kamata mai bincike ya sami ƙarfin lissafi kamar yadda yake samun lantarki.

Sai dai kwamfuta ba ta da sauƙin kai irin na wuta. Kowace cibiya tana da irin injinta, da dokokinta, da tsarin jerin gwanon da ayyuka ke bi kafin a kai kansu. Malamin da yake so ya yi aiki a cibiyoyi huɗu, a dā, sai ya nemi izini sau huɗu, ya riƙe kalmar sirri huɗu, ya kuma koyi umarnin kowace inji dabam. Lokacin da ya kamata ya tafi ga bincike sai ya ƙare a wajen koyon halin injuna.

Aikin manhajar tsakani

Maganin da aka samo shi ne wata manhaja da ke zama tsakanin mai bincike da injunan, tana yin aikin tafinta da na mai gadi gaba ɗaya. A Amurka an yi Globus Toolkit, wadda ta yi shekaru kusan 20 tana aiki kafin masu ita su daina kula da ita a 2018. A Jamus kuwa, a 1997 aka fara aikin UNICORE da kuɗin ma'aikatar ilimi da bincike ta tarayyar ƙasar, domin haɗa cibiyoyinsu na manyan kwamfutoci. Tun 2004 aka sake ta kyauta ga duk mai so.

Ga yadda UNICORE ke tafiyar da aiki. Mai bincike yana zaune a ofishinsa, sai ya rubuta bayanin abin da yake bukata: manhajar da za a tayar, yawan ƙwaƙwalen inji, tsawon lokaci, da inda bayanansa suke. Bayanin nan siga ɗaya gare shi ko wace cibiya za a aika shi. In ya isa, sai ya tarar da ƙofa guda wadda dukan saƙonni ke bi. Daga nan wani sashe ya tabbatar da ko wane ne mai aikowa, ya duba ko yana da izini, ya haɗa shi da asusunsa na wannan cibiya. Sa'an nan wani ɗan ƙaramin sashe da ke zaune a jikin injin kanta ya juya bayanin zuwa umarnin da ita take ganewa, ya sa aikin cikin layi. Idan an gama, a mayar wa mai shi da sakamako. Abin lura a nan shi ne cibiya ba ta sallama ikonta ga kowa ba. Ita ke faɗin wanda zai shiga, da iyakar abin da zai taɓa.

Batun tsaro

Nan ne gizo ke saƙar. Injin da mutane dubbai ke shiga daga ƙasashe dabam-dabam, in mabuɗin mutum ɗaya ya faɗa hannun mugu, sauran ma suna cikin haɗari. A watan Mayu na 2020 an rufe manyan kwamfutoci da dama a Turai, ciki har da ARCHER ta Edinburgh da wasu na Jamus da Suwizalan, bayan an kutsa cikinsu da mabuɗan shiga na sata. Bincike ya tsaya cik na kwanaki, alhali kuwa lokacin ana tsakiyar annobar korona, wasu injunan ma aikinta suke yi.

Tsarin girid ya daɗe yana dogara ga takardar shaida ta lantarki, mai kama da fasfo, wadda wata amintacciyar hukuma ke sa wa hannu bayan ta tabbatar da mai ita. Dabarar da ta fi ban sha'awa ita ce ba ainihin mabuɗin ake aikawa tare da aiki ba. Ana yanko wata takardar wakilci ce mai gajeren rai, galibi awa 12, wadda za ta yi magana da sunan mai ita. Ko an sace ta, kafin gobe ta mutu. A 'yan shekarun nan ana ƙaura zuwa wata hanya, inda mutum zai shiga da shaidar jami'arsa, a ba shi alamar izini ta ɗan lokaci.

Shin ya yi amfani?

Babbar shaida tana cibiyar CERN kusa da Janeba, inda aka haƙa ramin gwaji mai kewayen kilomita 27. Bayanan da ke fitowa daga gwaje-gwajen sun fi ƙarfin cibiya ɗaya, don haka ake rarraba su ga cibiyoyi kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40. Da taimakon wannan girid aka tace bayanan da suka kai ga sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012.

Mu a nan gida, matakin farko shi ne layin sadarwa mai ƙarfi tsakanin makarantu. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN domin haɗa jami'o'in Nijeriya, kuma tana cikin ƙungiyar WACREN ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, mai hedkwata a Akara. Malami ko ɗalibin da bincikensa ke bukatar babban lissafi, sai ya tuntuɓi sashen kwamfuta na jami'arsa ya ji hanyoyin da ke akwai. Wanda kuma aka ba shi izinin shiga irin waɗannan injuna, kada ya ara wa kowa mabuɗinsa, ko da abokin aikinsa ne na ofis ɗaya. Idan ya yi zaton an taɓa kwamfutarsa, ya sanar da masu kula da cibiyar nan take domin a soke shaidarsa a ba shi sabuwa.