Rubutun Jinga: Sana'ar Da Jarinta Lokaci Ne

A duk lokacin da wani banki ko kamfanin sadarwa da ke Legas ya yi niyyar tallata hajarsa ga masu jin Hausa, ko kuma wata ƙungiya a Abuja ta buƙaci a mayar da rahotonta cikin harshen da manoma za su fahimta, akwai mutumin da akan nema wanda ba safai sunansa kan fito a takarda ba. Shi ne marubuci mai zaman kansa, wanda ba ya cikin jerin ma'aikatan kowa, ba ya kuma jiran albashin ƙarshen wata, sai dai a yi jinga da shi a kan aiki, ya gama, a sallame shi.

Irin waɗannan marubuta su ne ke rubuta maƙaloli ga jaridu da mujallu, da kalaman talla na rediyo, da jawaban shugabannin kamfanoni, da fassarar takardun ma'aikatu. Kasuwarsu ta faɗaɗa tun daga 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, suka shiga gasar neman abokan ciniki da harsunan gida. Sai dai kuma sana'a ce mai saurin karya mai ita, kuma abin da ya fi karya shi shi ne rashin lissafi.

Dalili kuwa shi ne, ɗan kasuwa ya san uwar kuɗinsa, ya san ribarsa, amma marubuci yakan manta cewa abin da yake sayarwa lokacinsa ne. A ɗauka, alal misali, an yi jinga da shi a kan maƙala ɗaya a N30,000. Ya kashe N8,000 a kuɗin mota wajen neman bayani, N4,000 a kiran waya da data, sannan N3,000 a man janareta. Abin da ya rage masa N15,000 ne. In ya shafe kwana biyar a kan aikin, ladansa N3,000 ke nan a yini, wato ƙasa da abin da mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta na N70,000, wanda aka amince da shi a 2024, kan samu a kowace ranar aiki. In kuwa ya gama cikin kwana biyu, ladansa ya kai N7,500 a yini, ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin sufuri da na wuta suka hau, wannan lissafi ya ƙara zama tilas.

Daga cikin waɗanda suka daɗe da gane haka akwai marubucin nan na Ingila, Anthony Trollope, wanda ya rasu a 1882. Ya yi fiye da shekara 30 yana aiki a gidan waya, amma duk da haka ya wallafa littattafan ƙagaggun labarai 47. A tarihin rayuwarsa da aka buga a 1883 ya bayyana yadda yakan zauna kan tebur da ƙarfe 5:30 na asuba, ya yi aikin awa uku kafin ya tafi ofis. Rabin awar farko yakan karanta abin da ya rubuta jiya ne, daga nan ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalmomi 250 a kowane minti 15. Yakan kuma riƙe kundi inda yake shigar da yawan shafukan da ya yi, domin in ya yi sakaci ya gani da idonsa. A ƙarshen littafin har ya jera abin da kowane aiki ya kawo masa, jimillar da ta kusa Fam 70,000.

Ba kowa ne zai iya gudun Trollope ba, amma tsarinsa yana da sauƙin ɗauka: lokaci tsayayye, adadi sananne, da kundin lissafi. Marubucin da ya san yawan kalmomin da yake iya yi a awa ɗaya shi ne zai iya yanka farashi daidai, ya kuma faɗi ranar gama aiki ba tare da ya saɓa alkawari ba.

Bayan tsayar da lokaci, sai tsarin aikin kansa. Yawancin ɓata lokaci yakan faru ne saboda an zauna rubutu alhali ba a gama tara bayani ba, sai a rubuta layi biyu, a tashi neman lamba, a dawo an manta inda aka kwana. Ƙwararru kan raba aikin kashi huɗu. Da farko sukan tambayi mai aikin wa ake so ya karanta, me ake so ya sani, kuma kalmomi nawa ake bukata. Na biyu, su tara duk alƙaluma da sunaye da ranaku a takarda ɗaya. Na uku, su tsara jerin batutuwa, mafi muhimmanci a sama, kamar yadda aka saba a ɗakunan labarai, sannan su rubuta daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa gyara ba. Na huɗu shi ne gyara, wanda ya fi kyau a yi shi bayan rubutun ya kwana.

Tarihin adabin Hausa ma yana da shaida a kan haka. Lokacin da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya gayyato Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 domin ya rubuta littafin karatu na makarantu, sai da aka tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe daban-daban kafin ya kama alƙalami, kuma East yana bin aikin yana dubawa. Cikin watanni ƙalilan aka sami Magana Jari Ce, wanda har yau ake karantawa. Aiki ne da aka ba da odarsa, aka yanka masa wa'adi, amma wa'adin bai rage masa inganci ba, domin an yi tanadi tun kafin a fara, an kuma sami ido na biyu.

Wannan ido na biyu shi ne abin da marubuci mai zaman kansa ya fi rasawa, tun da ba shi da edita a bisa kansa. Saboda haka wajibi ne ya nemi hanyar da zai cike gurbin. Hanya mafi arha ita ce ya ajiye kwafin abin da ya aika, in an buga ya kwatanta su layi-layi, ya ga abin da aka yanke da abin da aka sauya. Haka kuma karanta rubutu da babbar murya yakan tona jimlar da ta yi tsawo ko ta karkace. Ƙamus ma kayan aiki ne kamar yadda sikeli yake ga mai awo, kuma akwai na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Ga mai rubutu da Hausa, ƙa'idojin rubutu batu ne na kuɗi. Kamfanin da aka rubuta masa talla aka kasa bambanta "kaya" da "ƙaya", ko aka haɗe "ya ba ta kuɗi" ta koma kamar "ya ɓata kuɗi", ya biya ne aka yi masa dariya. Irin wannan kuskure kan auku idan aka bar baƙaƙe masu lanƙwasa, ko aka kasa raba kalmomi, ko kuma aka bi Turanci kalma da kalma. Marubucin da aka san aikinsa ba ya bukatar a sake bi, shi ake sake kira.

Bugu da ƙari, ƙwarewa a fanni ɗaya tana rage wahala, tana kuma ɗaga farashi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya tsaya a kan harkar hatsi, ya san 'yan kasuwar Dawanau da na Mile 12, ya san lokacin kaka da lokacin tsada, zai gama cikin yini ɗaya abin da baƙon fanni zai yi mako yana lalube. Bayanin da ya tara don aiki ɗaya kuma yakan yi masa amfani a aiki uku.

Muhimmancin wannan ya ƙaru tun daga watan Nuwamban 2022, lokacin da manhajar ChatGPT ta fito, wasu irinta suka biyo baya. A yau kwamfuta tana iya fitar da shafi guda cikin daƙiƙu, don haka rubutun gama-gari ya yi arha. Amma manhajojin kan kawo bayanin da ba shi da tushe, kuma Hausarsu takan yi warin fassara. Abin da ya rage mai daraja shi ne bayanin da aka je aka gani, da lambar da aka tabbatar, da harshen da mai karatu zai ji nasa ne.

Sai kuma batun yarjejeniya, inda a nan ne rigima ta fi tashi. Tun ran gini, tun ran zane. Kafin a fara, ya kamata a rubuta yawan kalmomi, da farashi, da ranar miƙa aiki, da ranar biya, da kuma sau nawa za a yi gyara kyauta. Karɓar kafin alƙalami, musamman daga sabon abokin hulɗa, kariya ce ga ɓangarorin biyu. Marubucin da ya yi rajistar sunan sana'arsa da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, yake kuma aika takardar neman biya mai kwanan wata, ya fi samun sauƙin karɓar cikonsa daga ofishin akanta.

Doka ma tana da abin cewa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi cewa a bisa ƙa'ida haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya rubuta shi, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Ta kuma ce sayar da haƙƙin, ko ba wa wani izinin amfani da shi shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin rubutu kuwa yakan ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ma'ana, ɗan kasuwar da ya biya kuɗin ƙasida ba tare da takarda ba, zai iya tarar da cewa izinin amfani kawai ya saya.

Don haka darasin ya shafi masu ba da aikin kamar yadda ya shafi masu yinsa. Kamfanin da ya yi cikakken bayanin abin da yake so, ya ba da wa'adi mai ma'ana, ya biya a kan lokaci, shi ne zai riƙe marubucin da ya san hajarsa da abokan cinikinsa. Wanda kuwa kullum yake neman mafi arha, yakan biya sau biyu, na rubutu da na gyara. Shi kuma marubuci, matakin farko ba ya cin ko sisi: ya sami kundi, ya riƙa shigar da awannin da ya yi da kuɗin da ya kashe a kan kowane aiki, bayan wata uku ya duba ya ga wane aiki ne ke ciyar da shi, wane ne kuma yake ci daga aljihunsa.