Motar Iyali Mai Kujera Bakwai: Saye Da Sauƙi, Riƙo Sai Mai Lura

Duk lokacin da Salla ta gabato, ko makarantu suka ba da hutu, wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Badun da Ilori da Jaba ta nufi Arewa, zai ga wata irin mota tana wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta fi ƙaramar mota tsawo da tudu, amma ba ta kai bas ba. Maigida na riƙe da sitiyari, uwargida na gefensa, yara da kakarsu sun cika kujerun baya, sa'an nan a bisa rufi an ɗaure buhuna da akwatuna da katifa, har bayan motar ya durƙusa kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya.

Wannan ita ce motar iyali mai kujera bakwai, wadda ta zama burin magidanta da yawa a ƙasar nan. Abin da ya bambanta ta da sauran motoci kuwa shi ne, in ta tashi tafiya, gida guda ne cur a cikinta, tun daga tsoho har jinjiri. Saboda haka sakacin da zai jawo wa mai wata mota asarar kuɗi, ita a wurinta yana iya shafe zuriya. Wanda ya saye ta ya ɗauki amana, kuma kuɗin da ya ƙirga wa dillali shi ne mafi sauƙi cikin abin da za ta nema a wurinsa.

ASALINTA

Magidantan da suka manyanta ba za su manta da Peugeot 504 doguwa mai layin kujeru uku ba, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Ita ce ta yi wa iyalan ƙasar nan hidima shekara da shekaru. To, a 1983 sai kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da wata sabuwar siffa, mota mai gajeren hanci da dogon ciki, Renault na Faransa ya bi baya da Espace a 1984. Daga nan aka shiga rage mata girma domin masu matsakaicin ƙarfi. Toyota Picnic da Renault Scenic suka fito a 1996, Opel Zafira a 1999. Ita Zafira ta yi suna ne domin kujerunta biyu na can baya ana naɗe su su shige ƙasa, wurin ya koma na kaya. Akwai kuma yayyensu da suka ɗan fi su girma, watau Toyota Sienna ta Amurka, da Volkswagen Sharan wadda aka fara ƙerawa a Fotugal a 1995, wadda direbobin tasha suka raɗa wa suna Sharon.

Ba a sabbi suka shigo Nijeriya da yawa ba. Tun daga 1986, da darajar Naira ta fara faɗuwa, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da ɗan kasuwa, aka koma ga motocin da Turawa suka hau suka gaji, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Dalilin karɓuwarsu a fili yake. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa, a matsakaici, mace a Nijeriya tana haihuwar 'ya'ya fiye da biyar, a arewa maso yamma ma fiye da shida. Ƙaramar mota mai kujera biyar ba ta ɗaukar irin wannan gida.

Sai dai fa yawancinsu sun tsufa. An daina ƙera Picnic ta farko a 2001, Zafira ta farko kuwa a Turai a 2005. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu yau, ya sayi motar da ta kai shekara 20 ko ta haura, kome ƙyallin fentinta.

KAFIN A BIYA KUƊI

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Abu na farko da mai saye zai duba shi ne takardun kwastan, musamman da yake tun ranar 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba tana iya kwana a hannun jami'ai, iyali kuwa a bakin titi.

Na biyu shi ne sitiyari. Tun watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, watau sitiyari a hagu. Motocin Ingila da na Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake, wasu dillalai kan sa a yanke a mayar da shi hagu, aikin da sau da yawa walda ce kawai ke riƙe da shi. A Ingila ana sayar da Zafira da sunan Vauxhall. Duk wanda ya ga wannan tambari a jikin mota mai sitiyari a hagu, ya kamata ya tsananta bincike.

Na uku, kada a dogara da awon tafiyar da ke gaban direba, domin ana iya mayar da shi baya. Abin da ba ya ƙarya shi ne sulɓin sitiyari, da cinyewar robar birki da ta totur, da lotsewar kujerar direba. A tuna kuma motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa ya fi kilomita ɗaya da rabi. Lalle ne mai saye ya je da makanikensa na amana, a tayar da injin yana sanyi, a leƙa ƙarƙashin motar ko gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara ya cinye ta da tsatsa.

Daga ƙarshe a tambayi samuwar kayan gyara. Motar da ba a samun kayanta a Ladipo ta Ikko, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ado ce kawai a ƙofar gida. A nan mai Sharan ta farko ya yi sa'a, domin da ita da Ford Galaxy da SEAT Alhambra na zamaninta masana'anta ɗaya ta ƙera su, kayansu da yawa suna shiga juna.

ZAFI DA ƘURA

An ƙera waɗannan motoci domin ƙasashen sanyi, ga su kuma a Sakkwato da Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ko a cunkoson Ikko, inda mota kan yi awa guda tana tafiyar hawainiya. Saboda haka abin da ya fi kashe su shi ne zafin inji.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejoji. Da zarar mota ta iso, sai a cire mata wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat, a haɗa fankar lagireto ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai don nan ƙasar zafi ce. Aikin wannan ƙarfe shi ne riƙe injin a kan zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90. In an cire shi, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai fiye da kima, kuma ainihin ciwon, ko toshewar lagireto ne ko yoyon tiyo, yana nan a ɓoye. Haka nan zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto yana tara tsatsa da gishiri. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan shi ne ya dace, domin yana hana tsatsa, kuma ya fi ruwa jinkirin tafasa.

In allurar zafi ta haura, dokar guda ɗaya ce: a tsaya, a kashe inji, a jira ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, domin tururin yana sale fuska da hannu. Direban da ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, sau da yawa da ƙonannen gaskit yake isa, wani lokaci ma da injin da ya tashi aiki.

Baƙin mai kuwa shi ne jinin inji. A irin hanyoyin ƙasar nan, juye bayan kowace kilomita 5,000 ko wata shida ya fi zama lafiya, tare da sabon mataci, kuma a sayi man a rufe daga amintaccen wuri, ba na awo a kwalba ba. Lokacin hunturu matacin iska yakan toshe da ƙura cikin 'yan makonni. Man giya ma iri-iri ne, giyar da ke canza kanta ba ta yafe wa wanda ya zuba mata wanda ba nata ba.

BEL ƊIN DA BA A GANI

A cikin injunan da yawa daga cikin waɗannan motoci akwai wani bel na roba mai haƙora, a rufe, wanda makanikai ke kira taimin bel. Shi ne ke daidaita motsin fistin da buɗewar bawul. Ba ya ƙara, ba ya ba da sanarwa, ranar da ya gaji tsinkewa yake yi. A wasu injuna mota tsayawa kawai za ta yi. A wasu kuwa, kamar na Zafira mai lita 1.6 da 1.8, fistin zai bugi bawul ya lanƙwasa su, gyaran da zai ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa. Masu ƙera motoci sukan ce a canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon irin injin. Tun da wanda ya sayi tokumbo bai san ranar da aka sa na ciki ba, hikima ita ce ya canza shi tun makon farko, tare da famfon ruwa, ya rubuta awon tafiyar a ɗan littafi ya ajiye a mota.

LODI DA TAYA

Kujera bakwai ba ta nufin motar ta zama a-kori-kura. Nauyin da aka yarje wa ƙananan cikinsu, mutane da kaya duka, galibi tsakanin kilo 500 ne da 700, kuma an rubuta iyakar a wani ɗan allo a jikin motar. Manya bakwai masu kilo 70 kowanne sun kai kilo 490. In aka ɗora buhun masara mai kilo 100 da na shinkafa mai kilo 50, an kusa cike ma'auni ko an wuce, tun ba a sa akwati ko ɗaya ba. Kayan da aka tula a rufi suna sa mota ta yi rinjaye a kwana, birki ya daɗe bai tsayar da ita ba, ƙafafun baya su gaji kafin lokaci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Buhun da ya yi yawa a ba motar haya ta kai shi.

Nauyin nan duka a kan taya huɗu yake sauka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, saboda haka tsohuwar tayar gwanjo mai kyan zane tana iya zama ajali. Iska kuma a auna ta da safe taya na sanyi, bisa adadin da aka rubuta a jikin motar, ba yadda mai faci ya ga dama ba, har da safaya.

Ƙasar nan ba za ta manta da ranar 6 ga Maris, 2016 ba, sa'ad da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar motarsu ta fashe. Motar babba ce, mai tsada. In haka ta faru da ita, ina ga tsohuwar tokumbo mai ɗauke da mutum tara? In taya ta fashe, a riƙe sitiyari da ƙarfi, a ɗage ƙafa daga totur, kada a danna birki da ƙarfi sai gudu ya ragu.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel ɗin kujera a 2003, kuma dokokin hanya sun hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba. Kowane yaro da kujerarsa da bel ɗinsa. A sa makullin da ke hana yara buɗe ƙofa daga ciki, kada kuma a bar su a mota a rufe cikin rana ko na minti kaɗan ne.

LISSAFIN ALJIHU

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lissafin riƙe mota ya canza. Litar fetur da ba ta kai N200 ba kafin ranar, ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. Irin wannan mota, in ta ɗauki iyali, takan sha wajen lita 10 a kowace kilomita 100, watau tafiya daga Ikko zuwa Kano, mai kimanin kilomita 1,000, ta ci lita 100 zuwa kawai. Inshorar dole ta ƙananan motoci ma ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a farkon 2023.

Wannan ya sa wasu magidanta suka mayar da motar gida kabu-kabu, ko suka miƙa ta ga direban tasha domin ta ciyar da kanta. Neman halali ba laifi ba ne, amma motar da ta wuni tana jigilar fasinja da lodi, ita ce kuma za ta ɗauki yara ranar Salla. Wanda ya zaɓi haka sai ya ninka kula, ya ware kuɗin gyara daga cikin abin da ta samo tun kafin ya kai hannu.

Mai motar da ya san abin da yake yi yakan ajiye wani abu kowane wata domin taya da birki da baƙin mai, ya riƙe makanike ɗaya, ya kai motar dubawa mako guda kafin doguwar tafiya, ba daren tashi ba. Ya tashi da sassafe, ya huta a hanya, ya guji tuƙin dare. Tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma waɗanda ke jira a gida sun fi son a iso a makare da a aiko musu da labari. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.