Tanar Roba Da Wahalar Zubinta: Yadda Masunta A Amurka Ke Gyara Aikinsu

A ƙasar Amurka akwai masu kamun kifi da fatsa waɗanda ba su tonon tana a bakin rafi, ba su kuma sayen koto a kanti. Su da kansu suke zuba tana ta roba a garejin gidajensu, mai laushi, mai wutsiya, wadda in ta shiga ruwa takan yi motsi kamar mai rai, har kifin nan nasu mai faɗin baki da suke kira bas ya haɗiye ta da ƙugiya a ciki.

Asalin abin daga birnin Akron ne na Jihar Ohayo, garin da ya yi suna wajen masana'antun tayar mota. A can ne wani ma'aikacin injuna mai suna Nick Creme da matarsa suka yi ta gwaji a ɗakin girkinsu, har a shekarar 1949 suka sami tanar roba wadda ba ta bushewa ta yi tauri. Daga baya kamfaninsa ya koma garin Tyler na Jihar Tekzas, inda masu kamun bas suke da yawa. Yau kamfanoni ne ke zuba irin wannan koto da injuna, amma masu yi a gida ba su ƙare ba, domin kowa yana so ya sami launi da laushin da kifin tafkinsu ya fi so.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ruwan roba da ake kira filastisol, watau garin PVC da aka dama da wani mai mai sa laushi. Da sanyi fari ne kamar madara; in aka ɗora shi a wuta sai ya yi kauri kamar kunu, sa'an nan ya sake tsinkewa ya yi garau idan zafinsa ya kai wajen digiri 177 a ma'aunin Salshiyos. Akwai mazubi, yawanci na alminiyum, ɓari biyu da ake haɗawa a matse, da siffar tanar a sassaƙe a cikinsa. Sai kuma wani ƙaton sirinji na ƙarfe da ake zuƙo robar da shi a ɗura ta bakin mazubin. Wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeran da ke zubin tukwanen alminiyum zai gane aikin nan da nan, sai dai su zubawa suke yi, waɗannan kuwa turawa suke yi da ƙarfi.

To, amma buɗe mazubi shi ne ranar hisabi. Sabon shiga yakan tarar da tana babu wutsiya, ko cikinta duk kumfa, ko gefenta ya lotsa, sai ya ɗora laifin a kan mazubin da ya kashe kuɗi ya saya. Galibi kuwa mazubin ba shi da laifi. Zafi ne, ko iska, ko gaggawa, kuma kowace tana da ta lalace tana nuna wanne ne daga cikinsu.

Idan wutsiya ba ta cika ba, robar ta daskare ne kafin ta kai ƙarshen hanya. Alminiyum yana shan zafi da sauri ƙwarai, don haka zubin farko a mazubi mai sanyi, musamman da hunturu, kusan kullum yakan fito guntu. Maganinsa a ɗumama mazubin tukuna. In an ɗumama amma wuri ɗaya ne kullum ba ya cika, to iska ce ta maƙale a wurin. Masu ƙera mazubi sukan ja waɗansu siraran layuka daga siffar zuwa waje don iska ta fita yayin da roba ke shigowa. In sun toshe sai a share su, in babu sai mai aikin ya karce ɗaya da bakin wuƙa. Nan ne ake bukatar hannu mai sanyi, domin in layin ya yi zurfi roba za ta riƙa bi ta nan, kuma abin da aka karce daga ƙarfe ba ya komawa.

Lotsawa ita ta fi ruɗa mutane, don kuwa mazubi ya cika fal amma tanar ta fito da rami a wurin da ta fi kauri. Dalili shi ne roba tana tsukewa yayin da take hucewa. Waje yakan fara daskarewa, ciki yana nan ruwa-ruwa, sai ya janyo abin da ke kusa da shi. In akwai narkakkiyar roba a bakin mazubin ita zai janyo. In babu, sai ya janyo fatar tanar ko ya zuƙi iska. Shi ya sa gwanaye ba su cire sirinji da zarar ya cije. Sukan riƙe shi da ɗan matsi na wasu daƙiƙoƙi, sa'an nan su ƙara ɗiga roba a bakin har ta daina nutsewa. Robar da ta yi zafi fiye da kima ta fi tsukewa, saboda haka da yawa sukan bar ta ta ɗan huce bayan dahuwa kafin su ɗura.

Wanda ya ji haka ya danna da dukan ƙarfinsa kuwa zai gamu da wata matsalar: roba ta kutsa tsakanin ɓarin biyu, tana ta fito da geza kamar fiffike. Haka nan in matsin bai ɗauru sosai ba, ko wani ɗan ɓurɓushi ya hana ɓarin haɗuwa.

Kumfa kuma iri biyu ce. Babba guda ɗaya daga sirinji take, in ba a tura iskar da ke bakinsa waje ba kafin ɗuri. Ƙanana birjik kuwa daga juyawa da garaje suke, ko daga danshi, musamman a gishirin da ake haɗawa da robar don tanar ta yi nauyi kuma kifi ya daɗe yana riƙe ta a baki. Batun danshi ba na kyan tana kaɗai ba ne. Ɗigon ruwa in ya faɗa cikin roba mai wannan zafi yakan zama tururi nan take ya fantsamar da ita, ita kuwa in ta taɓa fata mannewa take yi tana ci gaba da ƙuna. Don haka ake sa safar hannu mai kauri da tabarau. In kuma aka bar ta ta ƙone, sai ta yi rawaya, ta koma baƙa, ta fitar da hayaƙi mai asid da ke cutar da huhu. Lalle ba aikin rufaffen ɗaki ba ne.

Tanar da ta lalace ba a zubar da ita. Akan yayyanka ta a mayar cikin tukunya tare da sabuwar roba, ko da yake kowace narkarwa tana ƙara dusashe launin. Wadda ta fito daidai kuma akan rataye ta ko a shimfiɗa ta a miƙe ta kwana, domin in aka jefa ta a leda da ɗuminta, a lanƙwashe za ta tsaya, kuma lanƙwasasshiyar tana juyi take yi a ruwa tana murɗe zaren fatsa.