Abin da ya kamata ku sani game da Maigatari

Wanda ya shiga Maigatari ranar Litinin zai ɗauka ƙaramin gari ne mai shiru, ga rairayi ga zafin rana. To ya dawo ranar Alhamis. Ranar ce kasuwa ke ci, kuma kararta na cikin manyan kasuwannin dabbobi a arewacin Najeriya. Buzaye da Fulani kan koro raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, dillalai na tsakani suna jiran la'ada, 'yan canji na juya sefa da naira, manyan motoci kuma na lodi zuwa kudu. Ban da dabbobi akwai riɗi da zoɓo da gero.

Garin yana bakin iyaka ne a arewacin Jigawa, kuma ƙaramar hukumarsa ɗaya ce daga cikin huɗu na masarautar Gumel, tare da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa masarautar wajen 1750. Tana ƙarƙashin inuwar Barno, masu jihadi kuma ba su ci ta da yaƙi ba, ko da yake ta sha gwabzawa da Haɗeja da Damagaram. Hedikwatarta ma a Tumbi take, cikin Nijar ta yau, kafin a dawo da ita Gumel a 1845. Ke nan layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya tarar da dangi ne ya ratsa tsakaninsu. Har yau aure da ciniki ba su kula da shi ba.

Sai dai gwamnati ta kula, kuma nan ne raunin garin. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kasuwa ta yi sanyi, masu lodi da masu abinci suka rasa na cefane. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.

In za ku je, ku yi sammako, domin cinikin kara da hantsi ya fi zafi.